Mai gona ya ce in haɗa gurɓataccen iri da mai kyau

Assalamu alaikum. Ni manaja ne a wata babbar gona mai kusan hekta 300, kuma babban aikinmu shi ne noma irin masara mai aure, wanda wani kamfanin iri yake ba mu kwangila. Mai gonar aminin mahaifina ne tun suna yara, shi ya ɗauke ni aiki da na gama karatu, Baba ma nake kiransa.

Bana, da lokacin cire fure ya yi, wato fizge furen saman masarar da ke layukan mace don kada ta auri kanta, sai kuɗin leburori ya yanke. Na yi ta kiran Baba, yana cewa in lallaɓa su, kuɗi na nan tafe. Da aka yi mako biyu ba biya, fiye da rabinsu suka ajiye aiki. Da ƙyar muka ceci sauran filayen, amma wani fili mai hekta 40 ya yi kwana huɗu ba a shiga ba, har layukan mace suka zubar da garin fure. Jami'in kamfani ya zo duba kafin abin ya faru, da ya dawo kuma mun riga mun cire komai. Bai ga alama ba, ni ma ban ce masa uffan ba.

Yanzu girbi ya matso. Baba ya ce in haɗa amfanin filin da na sauran, ba wanda zai gane. Ya ce bashin banki na kansa, in aka soke filin gonar na iya durƙushewa, ya kuma tuna mini alherin da ya yi mini. Matata ta ce in bi umarni tunda gonar ba tawa ba ce, kuma da albashin nan muke riƙe yara. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, don ni ke sa hannu a takardar duk kayan da ya bar gonar. In bi, in ƙi, ko in ajiye aikin in huta?

Wani manajan gona

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma na tausaya maka, domin wanda ya sa ka a tsaka mai wuyar nan mutum ne da kake jin kunyarsa kamar uba. Ba zan ja ka da nisa ba kafin in faɗa maka ra'ayina: kada ka haɗa. Amma kada ka ajiye aikin yanzu ma. Tsakanin bin umarni da tattara komatsai akwai hanya mai faɗi, kuma ina ganin ita ce za ta fitar da kai da Baban naka gaba ɗaya.

Bari mu fara da abin da ke cikin filin nan, ko da yake ka fi ni saninsa, domin da shi za ka yi wa Baba bayani. Iri mai aure ɗa ne na iyaye biyu, kowannensu an daɗe ana aurar da shi da kansa har ya zama tsantsa. Tun 1908 wani masanin tsirrai Ba'amurke, George Shull, ya nuna cewa masarar da ake ta aurarwa da kanta raunana take yi, kara ya gajarce, goyo ya ƙanƙance, amma in aka haɗa irin waɗannan raunanan guda biyu sai ɗansu ya fito da ƙarfin da ya zarce nasu. Duk sana'arku a kan wannan ta tsaya. Shi ya sa kuke shuka layukan mace da na namiji a jere, kuke fizge furen saman kowace mace kafin ya buɗe, don kada wani gari ya sauka a gashin goyonta sai na namijin da aka zaɓa. Kowane silin gashi ƙwaya ɗaya yake haifarwa, fure ɗaya kuwa yana zubar da ƙwayoyin gari miliyoyi, galibi da hantsi bayan raɓa ta bushe. To a kwana huɗun nan, duk silin da garin macen ya riga sauka a kansa, ƙwayar da ya ba da ba mai aure ba ce, uwar ce ta maimaita kanta. Saboda haka ne ƙa'idojin tantance iri suke da tsauri a wannan gaɓa: a wurare da yawa, in mai duba gona ya tarar da sama da kashi 1 cikin 100 na matan suna zubar da gari alhali gashi ya fito, zai iya soke filin nan take.

Abin da ya sa fitinar ta yi ƙarfi shi ne, a ido ba a bambanta su. Ƙwayar tana nan fes, ta cika, in an kai ta gwajin tsiro ma za ta tsira. Aibin ba ya bayyana sai a gonar wanda ya saya. Ka ɗan tsaya ka kalli mutumin nan. Ya tara abin da ya tara ya sayi buhun da ke ɗauke da takardar shaida, ya zuba masa taki daidai yadda aka ce, ya yi noma a kan kari. Sai yabanya ta tasa, ya ga cikin layi ɗaya wasu karan sun kai kafaɗa wasu ko ƙugu ba su kai ba, ga su sirara, goyonsu bai fi tafin hannu ba. Zai zargi takin, ya zargi ruwan sama, ya zargi kansa. Lokacin da zai gane iri ne, shekarar ta riga ta wuce, ba a sake shuka. Wannan mutum ba ya cikin wasiƙarka, amma shi ne zai biya bashin Baba in ka haɗa, shi da ɗaruruwan irinsa. Hukuncin algus kuwa ba sai na tuna maka ba, rashin barcinka ya nuna ka san shi.

Maganar cewa ba wanda zai gane, a nan ina ganin Baba ya yi kuskuren lissafi. Kamfanonin iri da hukumomin tantancewa suna ajiye samfur daga kowane rukuni, su shuka shi a filin gwaji su ƙirga baƙin tsirrai, wasu kuma suna gwajin ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike, wanda ke nuna ƙwayar da ta auri kanta ba sai an jira damina ba. Yadda ake ɗibar samfurin ma yana da ƙa'ida ta duniya, ta ƙungiyar gwajin iri ISTA da aka kafa tun 1924. Kowane buhu na da lambar rukuni, lambar kuma tana komawa ga gona, ga fili, ga wanda ya sa hannu. Yau matsalarku ta tsaya a hekta 40, wajen kashi 13 cikin 100 na gonar. Ranar da ka juye su cikin sauran, ka mayar da ita matsalar hekta 300, domin ba mai iya tsince su kuma. In gwaji ya kama, duk amfanin shekara za a ƙi karɓa, kwangilar ta tafi, kuma labarin gonar da ta yi algus ba ya tsayawa a kamfani ɗaya. Kai kuwa, manajan gonar iri ba shi da jarin da ya wuce a yarda da sa hannunsa. Filin na Baba ne, taraktocin nasa ne. Abin da za ka ɗauka ka tafi da shi wata gona gobe sunanka ne kawai.

Duk da haka ba na so ka ɗauki Baba a matsayin mugu. Mutum ne da bashi ya shaƙe, kuma wanda bashi ya shaƙe ba ya hangen abin da ya wuce ranar biya ta gaba. Ina kyautata zaton yana jin nauyin cewa shi ya jawo abin da rashin turo kuɗi, sai ya ga haɗawar ita ce za ta shafe laifin ba tare da kowa ya yi maganarsa ba. Masu gona da yawa da ba a filin suke kwana ba suna ɗaukar cire fure kamar noman ciyawa, wanda in ka makara da kwana uku za ka iya cim masa. Ba su san cewa a noman iri akwai makonni biyu zuwa uku da duk wahalar shekara ta rataya a kansu ba, kuma abin da ya kuɓuce a cikinsu ba ya dawowa. Alherin da ya yi maka gaskiya ne, kada ka raina shi. Sai dai hanyar rama shi ita ce ka hana gonarsa faɗawa ramin da bai hango ba.

Akwai kuma naka kason, kuma zan faɗa maka don na ga kai mai son gaskiya ne. Ranar da leburori suka fara janyewa, ya kamata jami'in kamfani ya ji daga bakinka, domin kamfani ya fi kowa son filin ya tsira, kuma yana iya ba da wani abu daga kuɗin kwangila ko ya turo hannu. Da ya dawo ka yi shiru, nan ma ka ƙara wa kanka nauyi. Ban faɗi haka don ka zauna kana cizon yatsa ba. Na faɗa ne don in ka je gaban Baba ka fara da naka, sai nasa ya zo masa da sauƙin haɗiya, kuma don ka san cewa shirun yana da gyara muddin kayan bai bar gona ba. Bayan ya bar gona da sa hannunka, sunan abin ya canza.

Abu na farko da za ka yi ba ya bukatar izinin kowa, don aikinka ne na manaja. Ka keɓe filin. A girbe shi shi kaɗai, kuma a ƙarshe, bayan an gama da sauran. A shanya shi a wurinsa daban, a share injin casa tas kafin da bayan an sa shi, a rubuta lambar filin a jikin kowane buhu, a jibge su a wani ɓangaren sito da kai ke riƙe da makullinsa. Kada ka manta da maƙwabtan filin. Iska tana ɗaukar garin fure, shi ya sa ake barin tazarar wajen mita 200 ko fiye tsakanin gonar iri da wata masara, don haka layukan da ke bakin iyaka ta ɓangaren da iska ke kaɗawa su ma ka girbe su daban. Sannan ka zauna da littafin gona ka rubuta abin da ya faru dalla-dalla: ranar da aka daina shiga, ranar da aka koma, kimanin yawan matan da suka buɗe fure, yadda gashi ya fito a lokacin, da saƙonnin da ka aika kana neman kuɗi. Kada a sa wa wannan amfani maganin da ake cuɗa iri da shi, domin da zarar an sa, ba ya ciyuwa ga mutum ko dabba, ka rufe ƙofar sayar da shi a matsayin tsaba.

Sai ka je wurin Baba da ƙafarka, kada ka yi ta waya, kuma ku kaɗai. Ka tafi da takarda ɗaya mai lissafi biyu. Na farko, abin da za a rasa in aka sayar da amfanin hekta 40 a matsayin tsaba maimakon iri. Na biyu, abin da za a rasa in aka ƙi karɓar na hekta 300 kuma kwangilar baɗi ta tafi. Ka bar alƙaluman su yi magana, kada ka ɗauko wa'azi, don dattijo ba ya son yaron da ya tashi a gabansa ya koya masa tsoron Allah, amma yana sauraron lissafi. Ka ce masa, “Baba, ba ƙin umarninka nake yi ba. Na duba ne na ga in muka haɗa, gonar gaba ɗaya muka sa a caca, kuma hannuna ba zai iya sa wa takardar nan hannu ba. Ka ba ni dama mu nemi mafita tare.” Ka ba shi girman ya zama shi zai kira kamfanin, ko ku je tare. Amma ka sanya wa abin rana, kafin a fara ɗaukar kaya, kuma ya san cewa in an tambaye ka ba za ka ɓoye ba.

Game da kamfanin, kuna da abin faɗa fiye da yadda kuke zato. Har yanzu ba wanda ya auna yawan ɓarnar. Ta danganta da yawan gashin da ya fito a kwanakin nan, da yawan matan da suka buɗe, da ƙarfin garin da layukan namiji ke zubarwa a lokacin. Ku nemi a raba filin gida-gida a ɗebi samfur daga kowane ɓangare a gwada. Mai yiwuwa wani sashe ya tsallake, musamman inda masarar ta ɗan makara. Abin da bai tsallake ba kuma, kada ku yi gaban kanku ku kai shi kasuwa, ka fara karanta kwangilar. Ƙwayar da ta auri kanta ita ce uwar irin, wadda kamfani ya kashe shekaru yana tacewa kuma yake ɓoyonta daga abokan gasa, shi ya sa kwangiloli da yawa ke cewa sai da yardarsa za a fitar da abin da aka soke. Wannan sharaɗi ne a kanku, amma dama ce kuma, domin kamfanin da ba ya son uwar irinsa ta shiga hannun wasu yana da dalilin saye amfanin da kansa ko ya tsaya a niƙe shi. Ba zan yi maka alkawarin za su yi murna ba. Za a ji zafi, watakila a rage muku fili baɗi. Amma mai noman iri da ya zo da bakinsa ya ce fili kaza ya gurɓata, irinsa kamfani ke nema, don abin da suka fi tsoro shi ne wanda ba ya faɗa.

Bankin ma haka. Ka taimaka wa Baba ya shirya takardu ya je tun kafin ranar biya, da kwafin kwangila da ƙiyasin abin da sauran filayen za su kawo, ya nemi a ja masa lokaci. Mai ba da bashi ya fi sauƙin kai ga wanda ya zo da wuri da lissafi a hannu. Leburorin da suka tafi kuma suna bin ku haƙƙin guminsu, kuma daga kuɗin farko da ya shigo ya kamata a sallame su. Ko ba don komai ba, mutumin da ya iya fizge fure ba tare da ya tafi da ganye da yawa ba, kuma idonsa ke kama wanda ya ɓuya cikin ganye, ba a tsintarsa a hanya, kuma su za ka nema baɗi.

Uwargida kada ka ga laifinta. Tukunya take dubawa da kuɗin makarantar yara, kuma tana da gaskiya da ta ji tsoro. Ina jin ba ta san cewa sunanka ne a takardar ba, kuma in abin ya fashe kai za a fara nema kafin mai gona. Ka zaunar da ita ka yi mata bayani kamar yadda za ka yi wa abokin aiki, ka nuna mata lissafin nan biyu, ku duba tare wata nawa za ku iya riƙe gida in albashi ya tsaya. Tsoron da aka auna ya fi sauƙin ɗauka, kuma kana bukatar ta a bayanka a makonnin nan.

In Baba ya kafe fa? To nan ne mahaifinka zai shigo, in yana raye kuma kana ganin zai fahimta, ko wani dattijo da Baba ke jin nauyinsa. Akwai maganar da aboki zai faɗa wa aboki ta shiga, wadda in ɗa ya faɗa sai ta zama rashin kunya. In hakan ma bai yi ba, ka rubuta masa cikin ladabi cewa ba za ka haɗa ba kuma ba za ka sa hannu ba, ka ajiye kwafi. In ya sa wani ya haɗa a bayan idonka, ka sanar da jami'in kamfani abin da ka sani game da filin, domin wannan yana cikin amanar da sa hannunka ke ɗauke da ita tun farko, sannan ka miƙa makullai da littattafai a gaban shaida ka yi sallama da mutunci. Kada ka yi barazana, kada ka kai maganar waje. Kuma in ba dole ba kada ka tafi ana tsakiyar girbi, don tafiyarka a lokacin ita ce za ta bar buhunan nan a hannun wanda zai juye su.

In Allah ya sa kuka wuce wannan lafiya, akwai gyaran da nake so ka nema kafin a sake saka iri a ƙasa, domin tushen matsalarka shi ne an ɗora maka alhaki ba a ba ka iko ba. Kai ke amsa tambaya in fili ya lalace, amma ba ka da ikon biyan lebura ɗaya sai ka yi waya. Babbar gona ba ta tafiya haka, balle ta iri. Ka nemi a rubuta aikinka a takarda, ko da kuwa Baba ne, a faɗi abin da kake yankewa kai kaɗai da abin da sai ka tambaya. Kuɗin cire fure a ware shi tun kafin shuka a asusun da kake da hannu a kai, ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa biyan masu aikin kowane mako ba fashi a wannan lokaci. Ka rarraba ranakun shuka tsakanin filaye, gwargwadon abin da kamfani ya yarda, don kada duk gonar ta fitar da fure a mako ɗaya. Ka auna hekta nawa mutum ɗaya ke iya zagayawa a yini, tunda kowane fili sai an bi shi kullum har furen ƙarshe ya fita, sannan ka faɗa wa Baba iyakar filin da hannun da kuke da shi zai iya riƙewa. In lissafin ya ce hekta 220, gara a shuka wa sauran waken soya ko wani abin da ba ya bukatar wannan tsaron, ƙasar ma ta samu canji. Ka kuma nemi izini a rubuce cewa duk ranar da aikin fure ya tsaya, kana da damar kiran jami'in kamfani a ranar ba sai ka jira kowa ba.

Amma wannan na gaba ne. A makon nan, ka sa a kafa alama a iyakar filin, ka gaya wa shugabannin leburori cewa ba a taɓa shi sai ka ce, ka rubuta lissafinka, ka nemi Baba ya ba ka lokacin da za ku zauna. Allah ya sassauta masa bashinsa, ya ba ka ƙarfin zuciya da taushin harshe ranar da za ku haɗu. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare.